Niƙa, Gishiri, Polima ko Mai: Wace Hanya Ta Dace Wajen Narkar da Magungunan Rage Kolestarol?

Duk wanda aka ɗora wa aikin mayar da garin fenofibrate, ko ezetimibe, ko simvastatin ƙwayar da majinyaci zai haɗiya, matsalar da zai fara cin karo da ita ita ce garin ba ya narkewa a ruwa. Littattafan ƙa'idar magunguna sun sanya waɗannan ukun a rukunin da kusan ba ya narkewa sam, wato giram ɗaya yana bukatar ruwan da ya haura mililita 10,000 kafin ya narke. Hanji kuwa ba ya tsotsar abin da bai narke ba, don haka duk abin da ya rage a matsayin gari fita zai yi ba tare da ya amfani jiki ba. A tsarin rarraba magunguna da Gordon Amidon da abokan aikinsa suka fitar a 1995, yawancin magungunan rage kitsen jini suna faɗawa rukuni na biyu, wato waɗanda ke ratsa bangon hanji cikin sauƙi amma suke da wuyar narkewa.

Hanyoyin da aka fi komawa gare su shida ne: niƙa garin ya yi laushi, niƙa shi zuwa ma'aunin nanomita (kashi ɗaya cikin miliyan na milimita), mayar da shi gishiri, watsa shi cikin polima (sinadari mai dogon tsari kamar sarƙa), ɓoye shi cikin saikulodekstirin (wani zobe na sukari), da narkar da shi cikin mai. Kowace daga cikinsu tana da rahotannin ɗakin gwaji da ke nuna ta ninka narkewa, shi ya sa mai zaɓe yakan rasa wadda zai kama.

Ma'aunan da za a yi hukunci da su

Ma'auni na farko shi ne abin da hanyar take ƙarawa a zahiri. Saurin narkewa daban, yawan abin da ruwa zai iya ɗauka daban. Tun 1897 masana kimiyya Noyes da Whitney suka aza tushen ƙa'idar da ke cewa saurin narkewar abu ya dogara ne a kan faɗin fuskar da yake taɓa ruwa da ita, da kuma tazarar da ke tsakanin abin da ruwan ya riga ya ɗauka da iyakar abin da zai iya ɗauka. Wasu hanyoyin fuskar kawai suke faɗaɗawa, wasu kuma iyakar kanta suke ɗagawa.

Na biyu shi ne kuɗi, wanda ya haɗa da injina, kayan haɗi, da haƙƙin mallakar fasaha idan akwai shi. Na uku ƙarko, wato ko ƙwayar za ta ci gaba da narkewa yadda aka tsara bayan ta daɗe a ajiye. Gwajin gaggawa da hukumomi suka amince da shi shi ne a ajiye maganin wata shida a zafin digiri 40 da danshin iska kashi 75 cikin ɗari, kuma maganin da za a sayar a yankuna masu zafi da danshi ana yi masa gwajin dogon lokaci a digiri 30 da danshi kashi 75. Na huɗu sauƙin aiki, musamman lokacin da za a tashi daga 'yan giram a ɗakin gwaji zuwa ɗaruruwan kilo a masana'anta. Na biyar haɗari, ga majinyaci da kuma ga kamfanin da zai nemi amincewar hukuma.

Tambayar da ya kamata a amsa kafin a zaɓi komai

Ba kowane magani da kaɗan ne ke isa jini daga cikinsa ba ne yake fama da matsalar narkewa. Simvastatin ne babban misali. Abin da ke isa jini daga cikinsa bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, kuma masu bincike da yawa suna kafa hujja da wannan adadi don su nuna bukatar sabon haɗi. Amma babban dalilin ƙarancin shi ne hanta tana kama mafi yawan maganin tun a zagayensa na farko, tare da aikin inzayim ɗin CYP3A4, wato sinadarin jiki da ke rushe magunguna, a bangon hanji da cikin hantar. Hanta kuwa ita ce inda ake son maganin ya yi aiki, domin a can ne yake toshe inzayim ɗin da jiki ke sarrafa kolestarol da shi. Abin da ya tsallake hanta ya shiga jini da yawa shi ne ke kai wa tsoka, kuma ciwon tsoka da lalacewarta su ne illar da aka fi tsoro a wannan dangin magunguna da ake kira statin. Wannan illa ce ta sa aka janye cerivastatin daga kasuwa a 2001, ita ce kuma ta sa hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta taƙaita amfani da simvastatin mai miligiram 80 a 2011. Atorvastatin ma, wanda kimanin kashi 14 cikin ɗari nasa ke isa jini, labarinsa ya yi kama da wannan.

Saboda haka haɗin da ya ninka yawan simvastatin a jini sabon magani ne da ke bukatar a sake auna yawan da za a sha da kuma amincinsa. Fenofibrate kuwa akasin haka yake, domin shi rashin narkewar ne ainihin abin da ke hana shi shiga jiki, shi ya sa kusan kowace hanya daga cikin shidan an gwada ta a kansa har ta kai kasuwa, kuma da shi za a fi yin misali a nan.

Niƙa ya yi laushi

Ana niƙa garin da injin da ke amfani da iska mai ƙarfi, ƙwayoyin su yi ta karo da juna har su koma 'yan maikiromita kaɗan (maikiromita ɗaya nanomita dubu ne). Wannan ita ce hanya mafi arha kuma mafi daɗewa, injinanta sun yaɗu, kuma da yake maganin yana nan a siffarsa ta kiristal, wato sassansa a jere bisa tsari, ƙarkonsa ba ya raguwa sosai. Abin da take ƙarawa saurin narkewa ne kawai. Matsalarta ita ce gari mai laushi wanda ba ya son ruwa yakan dunƙule ya yi ta yawo a saman ruwan bai jiƙa ba, don haka kusan kullum sai an haɗa shi da sinadarin jiƙawa irin su sodium lauryl sulfate.

Fenofibrate ya fara shiga kasuwa a Faransa a 1975, kuma a lokacin miligiram 300 ake sha a rana. Da aka niƙa shi tare da sinadarin jiƙawa, kafso mai miligiram 200 ya yi aikin da 300 ke yi. Sai dai dogaro da abinci bai gushe ba, domin idan aka sha shi da abinci abin da jiki ke tsotsa yana ƙaruwa da kimanin kashi 35 cikin ɗari, kuma majinyacin da ke shan magani kullum tsawon shekaru ba lallai ne ya kiyaye wannan sharaɗi kowace rana ba.

Niƙa zuwa nanomita

A nan ana zuba garin cikin ruwa tare da ƙananan duwatsun niƙa da sinadaran da ke hana ƙwayoyin sake mannewa, a yi ta juyawa har girmansu ya sauka ƙasa da maikiromita ɗaya, galibi 'yan ɗaruruwan nanomita. Faɗin fuskar yana ƙaruwa matuƙa, narkewar ta yi saurin da ba ta jiran ruwan matsarmama da abinci ke jawowa. Da wannan fasaha aka fitar da ƙwayar fenofibrate mai suna Tricor mai miligiram 145 a 2004, wanda ya maye gurbin mai miligiram 160, kuma ana iya shan sa da abinci ko babu abinci. A ganina wannan cire sharaɗin abinci ya fi rage miligiram 15 muhimmanci nesa ba kusa ba.

Kuɗinta ya fi na niƙa ta farko sosai, domin niƙan yana cin lokaci da wutar lantarki, sannan dole a busar da ruwan a mayar da shi ƙwaya ta yadda idan ta isa ciki ƙwayoyin za su sake warwatsewa a girmansu na nanomita. A wannan matakin busarwa ne aiki yakan lalace. Akwai kuma haɗarin ƙananan ƙwayoyi su narke su taru a jikin manya har garin ya sake yin kauri, da haɗarin ɓarɓashin duwatsun niƙa ya gurɓata maganin. Duk da haka, da yake kiristal ɗin bai rushe ba, ƙarkonta ya fi na hanyar polima, kuma ƙwayar ba ta yin girma saboda kayan haɗin ba su da yawa.

Mayar da shi gishiri

Idan maganin asid ne ko kishiyarsa, haɗa shi da sodiyam, ko kalsiyam, ko wani abokin haɗi ya zama gishiri ita ce hanya mafi sauƙin kai wa masana'anta, domin tun wurin sarrafa sinadarin ake gama ta, daga nan kuma ƙwaya ce ta yau da kullum. Pravastatin da fluvastatin gishirin sodiyam ne, atorvastatin da rosuvastatin na kalsiyam. Iyakarta a fili take: simvastatin da lovastatin suna zuwa ne a rufaffiyar siffar da ake kira lakton, fenofibrate kuma esta ne, duka ba su da gurbin da gishiri zai kama, ezetimibe kuma asid ne mai rauni ƙwarai.

An zagaye wannan shinge a wajen fenofibrate ta hanyar ɗaukar asid ɗin da jiki ke mayar da shi, wato fenofibric acid, aka haɗa shi da kolin, aka samu Trilipix mai miligiram 135 wanda aka amince da shi a 2008. Wannan ya magance narkewar, amma ya zama sabon sinadari da ya bukaci nasa gwaje-gwajen, abin da ƙaramin kamfani ba zai ɗauka da wasa ba. Haɗarin gishiri shi ne tsamin ciki yana iya mayar da shi asid ɗinsa na asali ya kwanta, wasu gishirin kuma suna jan danshi. Atorvastatin yana komawa lakton a wuri mai tsami, shi ya sa ake sanya calcium carbonate a cikin ƙwayarsa ta asali mai suna Lipitor.

Watsa shi cikin polima

Wannan hanya ce ta fi ɗaga iyakar narkewa, ita ce kuma ta fi bukatar taka-tsantsan. Tushenta ya koma ga aikin Sekiguchi da Obi a Japan a 1961. A siffarta ta yau, ana rushe jerin kiristal ɗin gaba ɗaya, a warwatsa maganin cikin polima irin su povidone, copovidone, ko HPMCAS. Da yake ruwa ba ya bukatar ya fasa kiristal, yakan ɗauki maganin fiye da iyakarsa na ɗan lokaci, polimar kuma ta jinkirta kwanciyarsa har hanji ya samu damar tsotsewa.

Ana yin ta ta hanya biyu. Ko dai a narkar da maganin da polimar cikin sinadari mai saurin bushewa a fesa su cikin iska mai zafi, wanda ke bukatar manyan injina da tsarin kama sinadarin da auna ragowarsa a cikin garin, ko kuma a dumama su a matso su ta cikin inji kamar ƙullu, wanda ba ya bukatar sinadarin amma yana gasa maganin. Fenofibrate yana zama ruwa a wajen digiri 80, don haka zafi bai dame shi ba, kuma nau'insa mai suna Fenoglide mai miligiram 120 da aka amince da shi a 2007 an yi shi ne ta hanyar narkar da maganin da zafi cikin abin ɗauka. Simvastatin kuwa sai wajen digiri 135 zuwa 138 yake zama ruwa, ga shi iskar oksijin tana lalata shi, har ƙwayarsa ta asali tana ɗauke da sinadarin kariya, saboda haka dumama shi yana bukatar lura.

Babban haɗarin shi ne siffa marar jeri kullum tana neman komawa kiristal, kuma zafi da danshi suna hanzarta hakan. Akwai wani mizanin zafi da idan aka haura shi, abu marar jeri yake sakin jiki ƙwayoyinsa su fara motsi. Na fenofibrate yana wajen digiri 20 ƙasa da sifiri, na simvastatin kuma bai yi nisa da digiri 30 ba, wato dukansu ba za su tsaya su kaɗai a ɗaki mai ɗumi ba sai da polima mai yawa, polima mai yawa kuma tana nufin ƙwaya babba. Abin da ya fi muni shi ne ido ba ya ganin wannan lalacewa. Ƙwayar tana nan da kamanninta, awon sinadarin cikinta daidai, amma ta daina narkewa yadda aka tsara. Don haka wanda ya zaɓi wannan hanya ya sa kuɗin mazubi mai hana danshi da na'urorin gano kiristal a cikin lissafinsa tun daga farko.

Saikulodekstirin

Zobe ne na sukari wanda cikinsa ke karɓar abin da ba ya son ruwa, bayansa kuma yana narkewa a ruwa. A ɗakin gwaji yana da sauƙin sarrafawa, shi ya sa ɗalibai ke son sa. Lissafin nauyi ne ke kayar da shi. Nau'in beta, mai sukari bakwai, nauyin molikul ɗinsa, wato mafi ƙanƙantar ɓangaren sinadarin, 1,135 ne, na fenofibrate kuma wajen 361, don haka ko da kowane zobe ya ɗauki molikul guda na maganin, miligiram 145 zai bukaci fiye da miligiram 450 na zoben, kuma a aikace abin da ake bukata ya fi haka. Ezetimibe mai miligiram 10 zai bukaci ƙasa da miligiram 30 a irin wannan lissafi. Nau'in beta na asali shi kansa ba ya narkewa sosai, ƙasa da giram 2 a mililita 100, nau'o'in da aka gyara kuma sun fi tsada.

Narkar da shi cikin mai

Ana narkar da maganin cikin cakuɗen mai da sinadaran da ke haɗa mai da ruwa, a zuba a kafso, idan ya isa ciki sai ya watse ya zama ƙananan ɗigo. Maganin ya riga ya narke tun kafin a haɗiye shi, kuma man yana yin kwatankwacin abin da abinci ke yi. Fenofibrate, da yake mai son mai ne ƙwarai, ya dace da wannan, kuma Lipofen mai miligiram 150 kafso ne na irin wannan haɗi, ko da yake har yanzu da abinci ake shan sa. Man da ke cikin kafso guda ɗan kaɗan ne, bai kai abin da zai taɓa kitsen jinin majinyaci ba. Matsalolin su ne cika kafso da ruwa ko abu mai kauri yana bukatar injina na musamman, mai yana iya lalacewa da iska ko ya ci bawon kafson, maganin yana iya kwanciya bayan ruwan ciki ya tsarma cakuɗen, kuma yawan sinadaran haɗawa yana iya damun ciki a maganin da ake sha kullum.

| Hanya | Abin da take ƙarawa | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin aiki | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Niƙa ya yi laushi | Sauri kawai | Kaɗan | Mai kyau | Mai sauƙi | Dunƙulewa, dogaro da abinci |
| Niƙa zuwa nanomita | Sauri sosai | Mai yawa | Mai kyau | Mai wuya wajen busarwa | Sake mannewa, gurɓata |
| Gishiri | Sauri da iyaka | Kaɗan, sai idan sabon sinadari ne | Galibi mai kyau | Mai sauƙi | Ba kowane magani ke karɓa ba |
| Polima | Iyaka sosai | Mai yawa | Mai rauni ga zafi da danshi | Mai wuya | Komawa kiristal a ɓoye |
| Saikulodekstirin | Iyaka | Matsakaici | Mai kyau | Mai sauƙi a ƙaramin aiki | Girman ƙwaya |
| Mai | Yana zuwa a narke | Matsakaici zuwa mai yawa | Matsakaici | Yana bukatar injin kafso | Kwanciya a ciki, lalacewar mai |

Wace hanya ga wace bukata

Kamfanin da ke son yin makwafin maganin da ke kasuwa ba ya neman ya zarce na asali, abin da hukuma ke nema shi ne ya yi daidai da shi, a cikin tazarar kashi 80 zuwa 125 cikin ɗari a awon jini. Haɗin da ya fi na asali narkewa yana iya faɗuwa wannan gwaji ta sama. Irin wannan kamfani ya fara da hanya mafi sauƙi da za ta kai shi cikin tazarar, wanda a wajen simvastatin da lovastatin yawanci niƙa ce da kariya daga iska.

Ga ezetimibe, ƙanƙantar abin da ake sha ta sauƙaƙa komai. Miligiram 10 ne, yana aiki ne a bangon hanji inda yake toshe shigar kolestarol, kuma ƙwayarsa ta asali da aka amince da ita a 2002 ta wadatu da kayan haɗi na yau da kullum tare da sodium lauryl sulfate da povidone. Wanda ke son yin nau'in ruwa ko mai narkewa a baki shi ne zai duba saikulodekstirin.

Ga atorvastatin da rosuvastatin, gishirin ya riga ya yi rabin aikin. Abin da ya rage shi ne zaɓi tsakanin siffar kiristal mai ƙarko da siffa marar jeri mai saurin narkewa wadda iska ta fi lalatawa, da kuma kiyaye haɗin daga tsami.

Ga fenofibrate, idan kuɗi ne abin dubawa kuma an yarda a rubuta wa majinyaci ya sha da abinci, niƙa mai laushi ta isa. Idan ana son a cire sharaɗin abinci, niƙa zuwa nanomita ce aka tabbatar da ita a kasuwa. Wanda yake da injin kafso amma ba shi da na niƙa zai iya bin hanyar mai. Likita da mai ba da magani kuma su lura cewa miligiram 200, da 160, da 145 na nau'o'i daban-daban na iya ba da kusan abu ɗaya a jini, don haka ba a musanya su miligiram da miligiram.

Hanyar polima ta fi dacewa da sabon sinadarin da niƙa ta kasa, wanda ba ya karɓar gishiri kuma ba ya narkewa a mai, a hannun kamfanin da ke da na'urorin bibiyar siffarsa tsawon lokacin ajiya. Idan kuwa maganin zai bi ta ɗakunan ajiya masu zafi da danshi inda ba a da tabbacin sanyi, zai fi kyau a ba hanyoyin da ke barin kiristal yadda yake fifiko, ko da adadin narkewar da suka nuna a ɗakin gwaji bai kai na polima ba.